'Ya'yanmu mata a makarantun kwana na Ingila: wa ke lura da su idan sun yi shiru?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu bin wannan hanya. 'Yata mai shekara 13 ta samu gurbi a wata makarantar kwana ta 'yan mata zalla a kudancin Ingila, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashe daban-daban, kuma ana sa ran ta fara a watan Satumba. Ingancin karatu bai dame ni ba, domin mun ga sakamakon jarrabawarsu, mun kuma ga azuzuwa da ɗakin karatu a bidiyon da suka turo. Abin da ke hana ni barci shi ne abin da bidiyo ba ya nunawa: yadda yini ke tafiya daga wayewar gari zuwa kwanciya, wanda zai lura idan yarinya ta rage cin abinci, yadda ake yi da salla da azumi, da kuma wadda za ta kai wa kukanta idan wani abu ya dame ta. Yarinyar tana da kawaici ƙwarai, ko a gida sai an matsa mata take faɗin abin da ke ranta. Mahaifinta ya amince, ni ce zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mana gaskiya, da daɗinta da ɗacinta.

Maman Yusra

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tawa 'yar tana irin wannan makaranta yanzu haka, saboda haka bari in fara da tsarin yini kamar yadda yake a tasu, ko da yake kowace makaranta tana da ɗan bambancinta. Ana tashin su da misalin ƙarfe 7 na safe, su karya kumallo, a kira suna a gidan kwanansu, sannan a tafi taron safe. Darussa suna kaiwa wajen ƙarfe 4 na yamma, daga nan sai wasanni ko kiɗa ko ƙungiyar muhawara, a ci abincin dare da wuri wajen ƙarfe 6, sannan a zauna karatun dare na awa ɗaya da rabi zuwa biyu a gaban malama. Ƙananan ɗalibai suna miƙa wayoyinsu kafin kwanciya, a kulle su har safe, kuma ana kashe fitila wajen ƙarfe 9 da rabi. A tasu makarantar akwai darasi ranar Asabar da safe, da yamma kuma a yi gasar wasanni da wasu makarantu. Ƙanana suna kwana su uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, sai yarinya ta kai azuzuwa biyu na ƙarshe, inda ake shirin jarrabawar A-level, ake ba ta ɗakinta ita kaɗai.

Amma abin da nake so ki riƙe shi ne, rayuwar yarinya ta rataya ne a kan gidan kwanan da aka sa ta. Kowane gida yana da malamar da ke shugabantarsa, wadda ke zaune a cikin ginin, da mataimakiyarta, da matiron mai kula da wanki da tsabta da ba da magani. Wannan malama ita ce za ta ga fuskar 'yarki da safe da kuma daddare. A ganina ta fi shugabar makarantar muhimmanci a wurinki, kuma bai kamata ki biya ko sisi ba sai kin yi magana da ita, ko da ta bidiyo ne, kin ji irin tambayoyin da ita za ta yi miki game da yarinyar. Malamar da ta tambaye ki abin da ke sa Hanifa kuka, da yadda take idan ranta ya ɓaci, ta san aikinta.

Baban Khadija

Hajiya Maman Hanifa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma tunda gaskiya kika nema, ni ban goyi bayan tura yarinya mai shekara 13 wata ƙasa ita kaɗai ba. Wannan shi ne lokacin da jikinta da tunaninta ke canzawa, lokacin da ta fi bukatar uwa kusa da ita, kuma duk ƙwarewar malamar gidan kwana, yara da yawa ne a hannunta, ba ta san al'adarmu ba, ba ta san addininmu ba sai abin da ta karanta. Ga kuma batun kuɗi. Tun daga 1 ga Janairu 2025 gwamnatin Birtaniya ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, har ta kai a manyan makarantun kwana kuɗin shekara ya haura fam 50,000, ban da tikitin jirgi da tufafi da kuɗin mai riƙon yarinyar a can lokacin hutu. Wanda yake samun kuɗinsa da naira ya san abin da canji ya yi mana tun daga 2023. Damuwata ita ce a fara a kasa ƙarasawa, a cire yarinya ana tsakiyar shirin jarrabawar GCSE da ake yi a shekara 16, abin da ya fi rashin tura ta tun farko cutarwa. Ni nawa ra'ayin a bari ta kai shekara 16, ta san kanta, ta san sallarta, sannan ta tafi.

Tsohuwar Firinsifal

Alhaji, maganarka tana da nauyi, musamman ta kuɗi, kuma kada kowa ya raina ta. Sai dai ina so mu tuna cewa makarantar kwana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da yawa daga cikin matan da ke wannan zaure sun yi Dala a Kano ko Kwalejin Sarauniya Amina a Kaduna ko ɗaya daga cikin makarantun 'yan mata na gwamnatin tarayya, kuma sun tafi suna da shekara 11 ko 12 da akwati da bokiti. Abin da ya canza shi ne tsoro. Bayan Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, iyaye da dama a Arewa sun daina samun natsuwa da makarantar kwana ta gida, masu hali suka fara duban waje. Ba na zargin uwar da ta yi wannan tunani.

Abin da nake ja wa iyaye kunne a kai shi ne ɗaukar cewa duk abin da ke Ingila lafiyayye ne. A watan Maris na 2022 kwamitin bincike mai zaman kansa kan cin zarafin yara a Ingila da Wales ya fitar da rahoto a kan makarantun kwana, kuma daga cikin abin da ya gano akwai makarantun da suka fifita kare sunansu a kan kare yaran da ke hannunsu. Abin da suka fi mu da shi shi ne tsari a rubuce, wanda iyaye za su iya riƙewa su nemi haƙƙinsu da shi. Akwai ƙa'idojin ƙasa da kowace makarantar kwana ta Ingila za ta cika, waɗanda aka sabunta a Satumba 2022. A cikinsu dole ne yarinya ta samu damar magana da iyayenta a keɓe, dole ne kuma makaranta ta samar da wani babba daga waje, wanda ba ma'aikacinta ba, da yarinya za ta iya tuntuɓa kai tsaye idan tana da damuwa. Kowace makaranta tana da jami'in da aka ɗora wa alhakin kare yara, kuma hukumar ISI da ke duba mafi yawan waɗannan makarantu tana wallafa rahotonta a intanet kowa ya karanta.

To amma ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne ya sa tambayar Maman Hanifa ta taɓa ni. Mafi yawan wannan tsari an gina shi ne a kan cewa yarinya za ta buɗe baki ta yi magana. Mu kuwa mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata a kan kunya da kawaici, mun koya musu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mun yaba wa wadda ta haɗiye damuwarta. Duk yawan ƙofofin da aka buɗe wa yarinya, idan an koya mata cewa kai ƙara rashin tarbiyya ne, ba za ta shiga ko ɗaya ba.

Tsohuwar Ɗaliba

Ina gaishe ku, iyayena. Na yi irin wannan makaranta tun ina ƙarama har na gama, yanzu ina jami'a, kuma abin da Mama Firinsifal ta faɗa shi ne ainihin abin da ya faru da ni. A zangon farko rahoton da aka aika gida ya ce na saba da wuri, ina da ladabi, ba na kawo matsala. Gaskiyar magana kuwa ita ce kusan kowane dare sai na yi kuka bayan an karɓi wayoyi, domin wannan lokacin ne kewar gida ta fi tsanani, kuma shi ne lokacin da ba ni da hanyar jin muryar mahaifiyata. Malamai sun ɗauki shiruna a matsayin natsuwa. Idan malama ta tambaye ni ko lafiya, sai in sunkuyar da kai in ce lafiya lau, kamar yadda aka koya mini in amsa wa babba, ita kuma ta yarda ta wuce, domin a wurinsu yarinyar da ke da damuwa faɗa take yi.

Ƙananan abubuwa ne suka fi gajiyar da ni, irin waɗanda ake jin kunyar ambata. Babu mai kitso a garin da makarantar take, kitson da aka yi mini a gida ya tsufa, ga darasin iyo kowane mako, gashina ya fara karyewa ban san wa zan faɗa wa ba. Ban san yadda zan nemi buta a banɗaki ba sai na riƙa ɓoye gorar ruwa. Abincin babu yaji, babu abin da ya yi kama da na gida, kuma da yake ban tabbatar da naman ba sai na koma cin burodi da dankali kawai. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ki fito daga aji cikin duhu da sanyi, jikinki ya mutu ba ki san dalili ba. Sannan akwai batun ƙawaye, domin 'yan ƙasar sun san juna tun daga firamare kuma da yawansu suna tafiya gida ƙarshen mako, 'yan China da Hong Kong suna da yawan da za su yi rukuninsu, mu 'yan Najeriya kuwa mafi yawa daga Legas suke, ni kaɗai ce mai ɗankwali.

Wadda ta gano ni ita ce matiron, dattijuwa ce, ta lura cewa siket ɗina ya yi mini yawa. Ba ta tsaya tambayata ko lafiya ba, ta kira ni in taya ta ninke kaya, muna cikin aiki ta riƙa jan hira har na faɗi komai. Daga ranar aka haɗa ni da shugaban masu girki, aka samo mai kitso da ke zuwa daga wani gari, aka ba ni izinin kiran gida kafin kwanciya. Duk waɗannan abubuwa da ma suna nan, ana iya yin su tun makon farko, ba wanda ya san ina bukata ne. Daga baya na ji daɗin makarantar sosai, na yi ƙawayen da har yau muke tare, na koyi tsayawa gaban jama'a in kare ra'ayina. Amma Anti Maman Hanifa, idan Hanifa mai kawaici ce, ki rubuta wa malamar gidansu wannan a fili tun kafin ta isa, ki gaya mata cewa idan yarinyar ta ce lafiya lau kada a tsaya a nan.

Anti Nas

Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin faɗi abin da manya da yawa ba sa iya faɗa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, bari in ƙara ta fuskar lafiya. Mutuwar jikin da kika ambata lokacin hunturu ba raki ba ne. Hasken rana a nan daga Oktoba zuwa Maris ba ya isa jiki ya samar da sinadarin bitamin D, shi ya sa hukumar lafiya ta NHS take ba da shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a wannan lokaci, masu duhun fata da masu rufe jiki kuwa ana ba su shawarar su sha duk shekara. 'Ya'yanmu sun shiga rukunin biyu gaba ɗaya. Sai batun sikila: duk yarinyar da ke da ita dole makaranta ta sani a rubuce, domin sanyi da rashin shan ruwa da wasa mai tsanani a fili suna tayar da ciwon, kuma nas ɗin makarantar da ke ƙauyen Ingila mai yiwuwa ba ta taɓa jinyar mai sikila ba. Na san iyaye suna ɓoye wannan saboda tunanin aure a gaba, amma ɓoye shi a nan wasa da rai ne.

Abu na uku shi ne zazzaɓin cizon sauro. Yarinyar da ta daɗe a nan garkuwar jikinta ga maleriya tana raguwa, ta je hutu gida sauro ya cije ta, ta dawo makaranta zazzaɓi ya tashi bayan mako ɗaya ko biyu, a ɗauka mura ce a ba ta farasitamol. Ku koya wa 'ya'yanku cewa duk zazzaɓin da ya zo bayan dawowa daga gida, su faɗa da bakinsu cewa daga Najeriya suka dawo kuma suna so a gwada jininsu a ranar. Kuɗin lafiya da ake biya tare da biza, wanda ya koma fam 776 a shekara ga ɗalibai tun Fabrairu 2024, ya ba ta damar ganin likita kamar kowa.

Akwai kuma abin da ya kamata iyaye su sani tun yanzu don kada ya zo musu ba zato. A dokar ƙasar nan, bisa wani hukunci da kotun ƙoli ta lokacin ta yanke a 1985, yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba tana iya ganin likita ko nas a asirce idan an tabbatar tana da hankalin fahimtar abin da ake magana a kai, kuma ba lallai a sanar da iyayenta ba sai idan akwai haɗari ga rayuwarta ko lafiyarta. Haka ma mai ba da shawara ta makaranta ba za ta kwashe hirarsu ta aika muku ba.

Baban Khadija

To kun ji irin abin da nake gudu. Ni na haifi yarinya, ni nake biyan kuɗin, amma wata baƙuwa ta san abin da ke damun 'yata ni ban sani ba, kuma doka ta ba ta ikon ɓoye mini. Hajiya Nas, ina girmama aikinki, amma wannan bai dace da tarbiyyarmu ba. Amanar yarinya a wuyan iyayenta take, mu za a tambaya gobe kiyama.

Anti Nas

Alhaji, na fahimci zafin da ka ji, ni ma uwa ce. Amma ina roƙonka ka dubi abin ta wannan fuska. A aikina na ga 'yan mata masu fama da ciwon damuwa, da masu ƙin cin abinci har jiki ya lalace, da masu yi wa kansu rauni a ɓoye, kuma da yawansu sun fara magana ne kawai saboda an tabbatar musu cewa ba za a kira gida nan take ba. Abin da ma'aikaciyar kirki take yi bayan haka shi ne ta lallashi yarinyar har ta yarda a sanar da uwarta, kuma mafi yawan lokuta hakan ake ƙarewa. Idan abin ya kai ga haɗari, sirri ya ƙare, dole a ɗauki mataki. Da a ce babu wannan dama, yarinyar da ke tsoron ɓacin ran mahaifinta ba za ta faɗa wa kowa ba, daga mu har ku. Ni na fi son 'yata ta faɗa wa wata amintacciya da ta rasa wanda za ta faɗa wa. A gida ma ai haka muke, yarinya takan kai wa gwaggonta ko kakarta maganar da ba za ta iya yi da uwarta ba, kuma ba mu taɓa ɗaukar wannan cin amana ba.

Mariƙiya a Landan

Tunda an ambaci gwaggo, bari in shigo da batun mai riƙo, domin shi ne iyaye suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Shekarar karatu zango uku ce, daga Satumba zuwa farkon Yuli, kowane zango yana da hutun tsakiya na mako ɗaya ko biyu, kuma makarantu da yawa suna da wasu ƙarshen mako da ake rufe gidajen kwana kowa ya fita. Ba kowane hutu ne za a sayi tikitin Abuja ko Kano ba. Saboda haka makaranta za ta bukaci sunan babban mutum mazaunin Birtaniya da zai karɓi yarinyar, ya je taron iyaye, a kuma kira shi da tsakar dare idan an kai ta asibiti. Abin da nake gani shi ne a rubuta sunan ɗan'uwan da ke karatun digiri na biyu a ɗaki ɗaya, ko wata 'yar'uwa mai aikin dare, don a cike takarda kawai. Ranar hutu sai yarinya ta tsinci kanta ita kaɗai a gida daga safe har dare da waya a hannu, ko a gidan da akwai samari baligai, kuma ba za ta taɓa faɗa muku ba ta jin daɗi ba domin gidan dangi ne.

Wanda ba shi da dangin da suka dace yana iya ɗaukar kamfanin riƙo, amma ya duba ko ƙungiyar AEGIS mai duba irin waɗannan kamfanoni ta tantance shi, ya kuma nemi a sa 'yarsa a gidan Musulmi ko gidan da aka san abincinmu da sallarmu. Ku sani kuma cewa idan yarinya 'yar ƙasa da shekara 16 za ta zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginta na kusa ba, doka ta wajabta a sanar da ƙaramar hukumar yankin. Ni yaran da nake riƙo, abin da na lura shi ne ranar farko ta hutu barci suke yi, rana ta biyu su nemi tuwo da miyar kuka, sai a rana ta uku labarin makaranta na gaskiya yake fara fitowa, yawanci muna kicin.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 'Yata Tsohuwar Ɗaliba, maganarki ta sa ni hawaye, domin kamar Hanifa kike siffantawa. Saura batun addini, wanda Alhaji ya taɓo kuma ni ma yana raina. An ce mana akwai taron majami'a da kowace ɗaliba ke halarta. Yaya ake yi da wannan, da salloli biyar, da azumi?

Maman Yusra

Hajiya, wannan ya danganta da tarihin makarantar. Wasu daga cikin waɗannan makarantu tsofaffi ne ƙwarai, Cheltenham Ladies' College tun 1853 take, Roedean tun 1885, Benenden tun 1923, kuma an kafa irinsu ne domin 'ya'yan Turawan Ingila, da yawansu a kan tafarkin addinin Kirista. Ɗaliban ƙasashen waje daga baya suka yawaita, shi ya sa taron majami'a ya zauna a cikin tsarin mako na makarantu da dama. A wasu wajibi ne kowa ya zauna ko da ba zai yi waƙa ko addu'a ba, a wasu kuma ana ba da uzuri idan iyaye sun rubuta. Ki tambaya a ba ki amsa a rubuce. A makarantar Yusra akwai ɗakin da aka ware don ibada, tana yin Azahar a lokacin abincin rana, amma a hunturu lokutan suna matsewa, Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa kusan a cikin lokacin darussa, sai da muka nemi izini na musamman daga malamar gidansu. Kayan makaranta kuma an yarda ta sa ɗankwali mai launin yunifom, da dogon wando a wasanni.

Azumi yanzu ya zo da sauƙi, tunda Ramadan yana faɗowa a Fabrairu da Maris kuma yana ƙara matsowa cikin hunturu kowace shekara, ba kamar shekarun da ya faɗo a Yuni ba, lokacin da ake kai awa 18 ana azumi ga jarrabawa a gaba. Masu girki suna ajiye musu abincin sahur a kicin ɗin gidan kwana, a kuma ajiye na buɗa-baki. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ranar Salla, domin ranar karatu ce kamar kowace. Sai mun rubuta da wuri ake barin mai riƙonta ta ɗauke ta zuwa Idi.

Baban Khadija

Na karanta duka, kuma na ƙaru, musamman da bayanin Hajiya Nas game da gwaggo da kaka, wanda ya sa na sassauta a kan batun sirri. Amma ku lura da abu ɗaya: duk gyaran da aka ambata, daga abinci zuwa salla zuwa kitso, sai da wani ya buɗe baki ya nema. Yarinya mai shekara 16 za ta iya nema wa kanta, mai 13 kuwa sai an dace da matiron mai ido. Ina nan a kan ra'ayina game da shekaru, sai dai idan uwar za ta iya zuwa ta zauna kusa a zangon farko.

Tsohuwar Firinsifal

Alhaji, ban ƙi taka ba, kuma ga wasu yaran ita ce daidai. Sai dai mai shiga a 16 tana tarar da an riga an ƙulla ƙawance, ga jarrabawa mai nauyi cikin shekara biyu kacal, don haka ita ma tana da nata ƙalubalen. Ni abin da zan auna shi ne halin yarinyar da kuma ko ita ce ke son tafiyar. Maman Hanifa, a watannin da suka rage ki fara horar da ita a gida: ta je kanti ta mayar da kayan da ba su yi ba, ta yi wa likita bayanin ciwonta da bakinta kina zaune ba ki sa baki ba, ta kalli malaminta ta ce ban gane ba. Idan kin ga ta fara iyawa, alama ce mai kyau. Idan kuwa har Agusta ba ta iya ba, jinkirta shekara ɗaya ba faɗuwa ba ce, kuma kina iya tambayar makarantar ko za ta ajiye mata gurbin.

Tsohuwar Ɗaliba

Anti, in ƙara abu ɗaya game da kiran waya, domin a nan ne iyaye suke rasa labarin 'ya'yansu ba tare da sun sani ba. Duk lokacin da aka kira ni, tambayar farko ita ce yaya karatu, ta biyu kuma tunatarwa ce cewa an kashe dukiya a kaina kada in ba da kunya. Na san da ƙauna ake faɗa, amma bayan wannan jumla babu yarinyar da za ta iya cewa ba ta jin daɗi, domin za ta ji kamar butulci take yi. Ki riƙa kiranta ta bidiyo don ki ga fuskarta, ki tambaye ta abin da ta ci da rana, da wadda ta zauna kusa da ita a ɗakin cin abinci, da abin da ta yi ranar Lahadi, domin Lahadi da yamma ce ta fi kowane lokaci kaɗaici. Idan sunan ƙawa ɗaya bai fito daga bakinta ba har tsakiyar zango, ki kira malamar gidansu. Bambancin lokaci ba matsala ba ne, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da na Najeriya, a hunturu kuma kun riga mu da awa ɗaya kawai. Kuma ki gaya mata da bakinki, a gaban Baba, cewa idan ta gwada ta ga ba za ta iya ba, tana iya dawowa gida ba tare da an yi fushi da ita ba. Ni ba a faɗa mini haka ba sai daga baya, kuma da na ji shi tun farko da na yi magana tun a makon farko.